MASUJADAI A BAKIN GONAKI: LABARIN MANOMAN YUKREN A ƘASAR KANADA

'Yan'uwa cikin Almasihu, sau da yawa mu kan ji jama'ar ƙauye suna cewa, “Ba mu da pasto, yaya za mu yi sujada?” Domin wannan mu ke so mu kawo muku labarin waɗansu manoma na ƙasa mai nisa, waɗanda su ka yi shekaru ba su da mai kiwonsu, amma ba su bar wutar bagadinsu ta mutu ba.

Mutanen nan 'yan kabilar Yukren ne, daga lardi biyu, Galisiya da Bukobina, waɗanda a lokacin su ke ƙarƙashin sarkin Ostiriya. Talakawa ne, gonakinsu ƙanana, ga yawan 'ya'ya. A shekara ta 1891 mutum biyu daga ƙauyen Nebyliv, Ivan Pylypiw da Wasyl Eleniak, su ka haye teku zuwa Kanada domin su ga ƙasar da idonsu. Gwamnatin Kanada tana ba kowane magidanci fili eka 160 a kan dala 10 kaɗai, muddin ya zauna a wurin shekara 3, ya yi ɗaki, ya share gona. Da labari ya kai gida sai mutane su ka taso. Kafin yaƙin 1914 wajen mutum 170,000 sun ƙaura, su ka bazu cikin jejin Manitoba da Saskacewan da Albata.

Ƙasar tana da sanyi ƙwarai, ƙanƙara ta kan rufe ta wata da watanni. Waɗansu sai da su ka haƙa rami, su ka jera itace a bisa, su ka rufe da ƙasa, su ka ci damina da rani a ciki kafin su sami ikon yin ɗaki. Amma abin da ya fi ci musu rai shi ne, sun zo ba tare da firistocinsu ba. Mutanen Bukobina 'yan Ekklesiyar Otodoks ne, watau tsohuwar Ekklesiya ta Gabas. Na Galisiya kuwa suna bin Paparoma, ko da ya ke tsarin sujadarsu irin na Gabas ne. Dukansu biyu sun iske kansu kamar tumaki a daji. Yara ba baftisma, in mutum ya mutu maƙwabta ne su ke binne shi.

To, me su ka yi? Ba su naɗe hannu ba. Sau da yawa abin da su ka fara keɓewa shi ne maƙabarta, su ka kafa gicciye a ciki. Ranar Lahadi su taru a gidan ɗaya daga cikinsu, mai ja waƙa ya tsaya ya karanta abin da ya halatta ga wanda ba firist ba, jama'a suna amsawa da murya kaɗai, gama a sujadarsu ba a kaɗa molo ko garaya. Bayan haka su ka shiga gini. Wani ya kawo gungume, wani ya kawo shanun ja, mata su ka kwaɓa laka su ka yaɓe bango, su ka saƙa kyallaye na ado.

Haka mutanen Bukobina su ka yi kusa da Gardenton cikin Manitoba. Sun sauka a 1896, a 1897 su ka fara ginin masujada da sunan Mika'ilu shugaban mala'iku, aka keɓe ta a 1899. Da gungumen itace aka yi ta, ɗaki uku a jere kamar yadda su ka saba a gida, rufinta na fari kuwa na ciyawa ne. Daga baya aka ɗora mata kubba. Ita ce a ke lissaftawa ta fari cikin masujadan Otodoks na Yukren da su ka tabbata a Kanada. Ku lura, 'yan'uwa: shekara ɗaya tak bayan saukarsu, tun ba su gama tumɓuke kututture daga gonakinsu ba, su ka sa hannu ga ɗakin Ubangiji.

A Albata kuma, mutanen Wostok su ka aika wasiƙa ga bishop na mishan na Rasha da ke Amurka suna roƙon firist. A 1897 aka aiko musu, aka yi sujada a fili cikin gonar wani manomi. A 1901 Bishop Tikhon, wanda ya zama shugaban dukan Ekklesiyar Rasha a 1917, ya zo da kansa ya zaga ƙauyukan. Duk da haka firistoci kaɗan ne, ƙasa kuwa da faɗi. Ƙauye ya kan ga firist sau kaɗan cikin shekara, ran nan a yi baftisma, a ɗaura aure, a yi addu'a bisa kaburbura. Sauran Lahadi duka a hannun dattawa da mai ja waƙa su ke.

Amma ba za mu ɓoye abin baƙin ciki ba. A ƙauyen Star cikin Albata jama'a su ka gina masujada da hannu ɗaya, sa'an nan su ka rabu: waɗansu su ka koma Otodoks, waɗansu su ka tsaya ga Katolika, kowane sashi yana cewa ɗakin nasa ne. Aka kai ƙara, daga wannan kotu zuwa waccan, har magana ta haye teku ta kai gaban majalisar shari'a ta Sarkin Ingila a London. A 1907 aka ba 'yan Otodoks gaskiya. Waɗanda su ka faɗi su ka je su ka gina tasu dabam. Kuɗin da ya kamata ya sayi iri da garma ya tafi ga lauyoyi, maƙwabta da su ka ɗauki gungume ɗaya a kafaɗa su ka daina gaisawa. Ba banza Manzo Bulus ya tsauta wa Korantiyawa a kan kai ɗan'uwa ƙara ba. Sanyi da yunwa ba su iya raba jama'an nan ba, gardama a kan gini ta raba su.

A 1918 aka yi taro a birnin Saskatoon, aka kafa Ekklesiyar Otodoks ta mutanen Yukren a Kanada. Suna so a yi sujada da harshensu, firistocinsu su zama masu aure, kowace jama'a kuma ta riƙe mallakar ɗakinta. Masujadai da yawa na ƙauye su ka shiga cikinta, waɗansu kuwa su ka tsaya tare da mishan na Rasha. A 1990 Ekklesiyar nan ta shiga zumunta da babban shugaban Otodoks na Kustantiniya.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, wani gwaji ya zo. Injin noma ya sa mutum ɗaya yana nome abin da gidaje da yawa su ke nomewa dā. Samari su ka tafi Edmonton da Winnipeg neman aiki da makaranta, jikoki da yawa kuma su ka tashi ba su jin harshen kakanninsu. Aka rufe masujadai da dama. Waɗansu a kan buɗe su sau ɗaya a shekara, zuriya su zo daga birni su yi sujada, su share kaburbura, su ci abinci tare. Waɗansu an ɗauke su ɗungum zuwa wani wurin ajiyar kayan tarihi gabas da Edmonton, inda baƙi ke zuwa kallo.

Me za mu ɗauka daga wannan? Na fari, rashin pasto ba hujja ba ce ta barin taruwa. In akwai mutum ɗaya a ƙauyenku da ya iya karatu, kuna da mai buɗe muku Littafi. Na biyu, mu yi tsaro kada ɗakin da mu ka gina domin salama ya zama abin husuma. Gara a cuce mu da mu ja sunan Almasihu zuwa gaban alƙali. Na uku, mu tuna 'ya'yanmu ba lalle su zauna inda mu ka zauna ba. Gini ba ya bin yaro zuwa birni, abin da aka shuka cikin zuciyarsa shi ne ke binsa. Wanda ya yaɓe bangon masujada ya yi abin kirki, amma kada ya kwanta sai ya koya wa ɗansa addu'a.

Ubangiji ya ba mu himmar manoman nan, ya tsare mu daga tuntuɓen da su ka yi. Amin.