Sanda da Ma'auni

Ko hannun da ya riƙe sanda yana iya riƙe ma'auni? Tambayar ta hau kan duk ƙungiyar ƙasashe da ta ɗauki nauyin tsaro, sannan ta kafa hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam. A nahiyar Turai, ƙungiyar OSCE tana da ofishin sa ido kan zaɓe a birnin Warso. A yankinmu kuwa, CEDEAO da ta tura dakaru Laberiya a 1990 ita ce ta buɗe wa talaka ƙofar kotunta a 2005, domin ya kai ƙarar gwamnatinsa.

Wannan ƙofa ta yi rana. An sayar da Hadijatou Mani tana 'yar shekara 12, ta zauna cikin ƙangin wahaya. Ran 27 ga Oktoba 2008, kotun ta samu gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A ranar, ma'auni ya rinjaya wajen mai rauni.

Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ta ɗaga sanda. Aka rufe iyakoki, aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Najeriya. Mu a Matameye, da iyakar Ɗan Barto ke bakin ƙofarmu, mun ga inda bugun ya sauka: a kan ɗan tireda, da majinyaci, da matar da danginta ke Daura. Babu ɗayansu da ya hamɓarar da gwamnati. Horon da ya tsallake mai laifi ya faɗa kan maƙwabcinsa ya fita daga adalci, ko da sunan dimokuraɗiyya aka yi shi.

Sai dai fushi da sanda ya haɗa da ma'auni. Da Nijar ta kammala ficewa ran 29 ga Janairu 2025, shugabanni sun tsira daga takunkumin ƙungiyar, talaka kuma ya rasa alƙalin da ke sama da gwamnatinsa. 'Yancin ƙasa abin so ne, amma bai cika ba muddin wanda hukuma ta zalunta ba shi da wurin kai kuka face wajen hukumar. Nauyin da ke kan ƙawancen AES, wanda Nijar ta ƙulla da Mali da Burkina Faso, shi ne ya amsa tambaya ɗaya: idan wata Hadijatou ta taso gobe, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa?