Batirin da Aka Yi wa Ƙazafi

A unguwar Kurna ta Kano akwai wani mai aikin wuta da ya yi suna wajen haɗa sola, kowa Oga yake ce masa. Cikin yaransa akwai Auta, mai saurin hannu da saurin baki, wanda ya gaji da riƙe tsani, ya ƙosa a ce shi ma ya iya.

Ana dab da azumi, zafi ya tsananta, Oga ya tafi wani aiki Zariya. Sai ga Alhaji mai kantin lemo na bakin titi da sabon batir mai bolt 12 da inbata, yana so a haɗa masa firiza da fankoki da talabijin. Auta ya ce ai ba sai an jira Oga ba. Ya yanko mita 3 ta waya mai kaurin 2.5, irin wadda ake ja wa soket a cikin gida, ya haɗa batir da inbata. A ransa ya ce, wayar da ke ɗaukar bolt 230 na NEPA, ina bolt 12 zai gagare ta?

Washegari inbata ta fara kuka. Da an kunna kaya sai ta yi ta tsuwa, can ta ɗauke wuta, lemo ya yi ɗumi. Auta ya leƙa, bai ko buɗe jakar kayan aiki ba, ya ce, "Alhaji, jabun batir aka sayar maka." Alhaji kuwa ba ya wasa da kuɗinsa. Ya sa aka tsayar da adaidaita sahu, zai mayar da batirin Sabon Gari a yi wadda za a yi.

Ana cikin kiciniyar ɗaga shi Oga ya iso. Ya gaisa da Alhaji, ya roƙe shi ya ba shi minti goma. Ya sa aka kunna komai, ya taɓa wayar, ya janye hannu da sauri. Sai ya miƙa wa Auta mita.

"Auna a bakin batir."

"Bolt 11.8, Oga."

"Auna a bakin inbata."

Auta ya yi jim. "10.8."

"To, bolt ɗaya ya ɓata a hanya. Wa ya cinye shi?"

Shiru. Oga ya maƙala ɗaya mitar a jikin wayar, ta nuna amfiya 50. Ya yago kwalin lemo, ya ba Auta biro. Ya ce masa ƙarfin da kaya ke ci, wato wat, shi ne bolt sau amfiya. Kayan Alhaji suna neman kusan wat 600. In daga NEPA ne, a raba 600 da 230, abin bai kai amfiya 3 ba, wayar nan za ta ɗauka tana dariya. Amma batir bolt 12 kawai gare shi, dole ya biya bashin da yawan gudun wuta: 600 a raba da 12, amfiya 50 ke nan.

"Ka kora garken shanu ta ƙofar zaure, yaro."

Daga nan ya ce ya nemo turjiyar wayar, wato yadda take hana wuta wucewa. Ana samunta in an raba bolt ɗin da ya ɓata da amfiyar da ke gudu. Auta ya raba 1 da 50, ya sami om 0.02, har ya fara murmushi don ya ga lambar ba ta taka kara ta karya ba. Nan ne masu koyo da yawa ke ruɗuwa, domin ƙaramar turjiya ba ta zama ƙarama in wuta mai yawa na bi ta cikinta. Oga ya ce ya ninka bolt ɗayan nan da amfiya 50. Wat 50 ne ke zama zafi a cikin robar waya, a bayan kwalaye da ledoji, a kantin da ake kullewa da dare.

Alhaji ya sallami mai adaidaita, ya nemi benci ya zauna.

"Wannan lissafin naka ne?" in ji shi.

Oga ya yi dariya, ya ce a'a, na wani Bajamushe ne, Georg Ohm, ɗan maƙerin kwaɗo, malamin makaranta a birnin Kolon. A 1827 ya fitar da shi cikin littafi, manyan masana na ƙasarsa suka yi masa riƙon sakainar kashi, sai a 1841 Ingila ta karrama shi da lambar yabo. Sunansa ne aka sa wa ma'aunin turjiya.

Sannan ya juya ga Auta. "Je ka Sabon Gari ka sayo mai kaurin 25. Ka shiga shagon mutumin da ka ce ya sayar da jabu, shi ma yana da waya. Ka gaishe shi da kyau."

Kafin la'asar an canza. Kauri ya ninku sau goma, turjiya ta koma kashi ɗaya cikin goma, mita ta nuna 11.7 a bakin inbata, kukan ya tsaya. Alhaji ya ce tunda haka ne zai ƙara firiza ta biyu saboda masu buɗa-baki. Oga bai amsa ba, ya dubi yaronsa. Auta ya jawo kwalin, ya daɗe yana rubutu, sannan ya ce in kaya suka kai wat 1,200, amfiya za ta zama 100, zafin da ke cikin waya kuwa sau huɗu zai ninku, ba sau biyu ba. Gara a ƙara batir a jera su su ba da bolt 24, a sa inbatar da ta dace da haka, gudun wutar ya dawo 50.

"Nawa ke nan?" in ji Alhaji.

"Bari in fara tambayo farashi, Alhaji," in ji Auta.