Lakwal Ta Yi Hutu, Amana Ba Ta Hutu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu ɗiya, Ya kuma ɗora mana nauyin renonsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan aka gama jarrabawa sai lakwal ta rufe ƙofofinta, ba ta sake buɗewa sai watan Oktoba. Wata uku ke nan, wani lokaci ma fiye, kamar yadda ya faru a shekarar 2024 da ambaliyar ruwa ta sa aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. A ƙasarmu Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: yaron nan da malami ya saki, wa ya karɓe shi?

A ƙauye amsar tana nan tun kaka da kakanni. Hutun ya dace da damina, yaro yana bin mahaifinsa gona tun daga shibka har girbin hatsi, ya koyi riƙon hauya da haƙuri da sanin darajar loma. A birni kuwa, Maradi ce ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, uba ya tafi kasuwa ko wurin aiki, uwa tana fama da hidimar gida, sai titi ya karɓi yaro. Namiji yana raɓe a gefen fadar samari yana sauraron abin da ya fi ƙarfin shekarunsa, ko ya dunƙule a ɗaki da salula. Mace an ɗora mata farantin talla tana bin tasha har magariba. A wannan lokacin ne kuma tabkuna da gulabe suke cika, sauro yake yawa, masassara take kwantar da yara.

Saboda haka ne ake shirya wa yara sansanin hutu, inda ake tara su kwanaki ko makonni ana haɗa musu karatu da wasa da aikin hannu. Wasu daga cikinmu suna ƙyamarsa, suna cewa al'adar Nasara ce. Gaskiya ne a Turai aka fara tsara shi da wannan siffa. A shekarar 1876 wani limamin kirista na birnin Zurik a ƙasar Suwis, Walter Bion, ya kwashi ƴaƴan talakawa ya kai su duwatsu su sha iska, kuma a 1907 Baden-Powell ya tara yara maza 20 a wani tsibiri na Ingila, daga nan ƙungiyar sikawut ta samo tushe. Sai dai ba a yanke wa abu hukunci da inda ya fito, da abin da ke cikinsa ake yi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umurni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana cikin Ihya'u cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da tsare shi ga karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira. Ashe wasa haƙƙin yaro ne, kuma wanda ya shirya masa wurin wasa mai tsabta ya yi aikin lada.

Tambayar da ta fi nauyi tana gaba. Uban da ya biya kuɗi ya miƙa ɗansa ga masu sansani, ko ya tura shi wajen wani malami ko ɗan'uwa a wani gari, shin ya sauke amanar da ke wuyansa? Mu dubi yadda malaman fiƙihu suka yi bayanin ajiya. Wanda aka ba ajiya, idan ya miƙa ta ga wani ba tare da uzuri ba ta salwanta, shi ne zai biya. To, idan haka hukuncin yake a kan tunkiya ko buhun hatsi, yaya ga ran ɗan Adam? Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kamanta uba da uwa da makiyayi wanda za a tambaya game da abin kiwonsa. Makiyayi yana iya neman mai taya shi, amma idan garke ya shiga gonar mutane shi ake nema. Aikin reno ana iya raba shi da wani, tambayar ranar gobe kuwa tana nan a kan wanda aka ba ɗan.

Don haka kafin mu miƙa yaro mu je da ƙafarmu mu gani. Mu san sunan wanda zai kwana da yaran da halinsa, mu tambayi mutanen unguwarsu. Mu ga inda maza za su kwana da inda mata za su kwana, da matan da za su kula da ƴan mata. Mu leƙa randar ruwa da madafa da makewayi. Mu tambaya ko kowane yaro yana da sange, da nisan wurin daga likita, da wanda zai ɗauki yaro idan jikinsa ya yi zafi cikin dare. Idan akwai gulbi ko tabki kusa, mu ji wane babba ne zai tsaya a kansu. Mai shiri na gari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ɓata rai don an tambaye shi, ya riga ya ba mu amsa.

Mu tambaya kuma yadda ake horo. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a 870, ya iyakance wa malami bulala uku, kada ya wuce sai da izinin uba, kada kuma ya yi duka cikin fushi. Ibn Haldun ya nuna cewa yaron da aka rena da tsanani yakan koyi ƙarya da yaudara da kasala don tsoron hannun da ke kansa. Anas ɗan Maliku ya yi wa Annabi hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa ba. Wannan shi ne ma'aunin da za mu auna malamin sansani da shi, mu kuma auna kanmu.

Wani zai ce: wannan zancen masu hali ne, ni da nake neman na cefane ina na ga jikunan sansani? Maganarsa tana da ƙarfi, kuma ita ce ta maido da nauyin kan masallaci. Unguwar da ta iya haɗa kuɗin lasifika da tabarmi ba za ta kasa tara ɗiyanta sau uku a mako ba. A cikin sahunmu akwai malamin lakwal da ke hutu, da tela, da kafinta, da ma'aikacin likita, da tsoho mai tarihin gari a ka. Kowa ya ba da sa'a biyu. Da safe allo da maimaita karatun lakwal, da hantsi sana'a ko dashen itace tun da ƙasa tana da laima, da la'asar ƙwallo da langa da kokowa. Mai hali da ya biya wa ɗansa ya biya wa maraya ɗaya, gama ɗan maƙwabci da muka bari a titi shi ne abokin ɗanmu gobe. Kada kuma shirin ya tsaya ga maza, a bar ƴan mata da tulu da faranti.

A cikin gida ma akwai abin da ba ya cin ko dala. Mu sa wa yini tsari, yaro ya san lokacin tashi da na karatu da na wasa. Mu ba kowane yaro aikin da zai ce nasa ne, ko ban ruwan akuya ne. Mu karɓe salula idan an yi isha'i, mu fara da ajiye tamu. Mu ci tuwo da su a akushi ɗaya, mu tambaye su inda suka yini da wanda suka yini tare, mu saurara har su kai aya, domin yaron da ya saba uba yana jin ƙaramar maganarsa shi ne zai kawo masa babba ranar da wani ya cuce shi. Wanda yake da dangi a ƙauye ya kai ɗansa ya ga inda hatsi yake fitowa, ya gaida kakanni, ya sadar da zumunta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke lakwal daga shekara 7 zuwa 15 yana cin hutun damina sau takwas ko tara, idan aka haɗa sun kai shekara biyu cur na rayuwarsa. Za a tambaye mu yadda suka wuce.

Allah Ya shirya mana zuri'armu, Ya tsare su daga sharrin ruwa da cuta da mugun aboki, Ya ba mu ikon sauke amana. Amin.