Wanda Bai Biya Ba, Yana da Rabo?

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, Luka 14:12-14

Da wuya a ce ba ka cikin wata ƙungiya. Daga Yammedi zuwa Karaye har Rogo, kowa yana da inda yake zubi: zumuntar mata, zumuntar maza, ƙungiyar matasa, adashen 'yan kasuwa, ko ƙungiyar masu noman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa. Tun kafin a san rajista da katin ƙungiya, iyayenmu suna yin gayya, yau a gonar wannan, gobe a gonar wancan, domin sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga tambayar da take raba kan ƙungiyoyi da yawa. A ce ƙa'idarku ita ce kowa ya zuba naira 500 a wata, wanda kuma ya yi wata uku bai biya ba, ba shi da rabo a asusu. Sai wani ɗan'uwa ya yi wata biyar bai kawo ko kwabo ba, ana nan matarsa ta kwanta asibiti a Kano. Ya zo wurin taro ya tsaya, kansa a sunkuye. Ma'aji ya buɗe littafi, sunansa na cikin masu bashi. In kai ne shugaba, me za ka ce?

Kada ka yi saurin cewa a yar da ƙa'ida a ba shi. Kuɗin da ke asusun nan amana ne. A cikinsa akwai na gwauruwar da ta sayar da tiyar dawa don kada a kira sunanta cikin masu bashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ka san yadda kuɗin mota da na taki da na magani suka tashi, duk wanda ya ci gaba da zubi kuwa, ya hana kansa wani abu ne. In aka ga mai biya da marar biya rabonsu ɗaya, a hankali kowa zai janye hannu, ranar da babbar bukata ta zo a iske asusu wayam. Manzo Bulus da kansa ya san haka. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 5, ya sa sharuɗɗa kafin a rubuta gwauruwa cikin waɗanda ikkilisiya za ta ɗauki nauyinsu, har da shekara 60, ya kuma ce dangi su fara ɗaukar nauyin nasu. Tsari ba gāba yake yi da Ruhu Mai Tsarki ba.

Amma kada kuma ka rufe littafi ka ce magana ta ƙare. Ka tambayi kanka dalilin da ya sa aka kafa ƙungiyar tun farko. An kafa ta ne saboda ranar da ɗayanku zai kasa. To, wanda ya kasa zubi sau da yawa shi ne wanda wahala ta riga ta kama. In ƙungiya tana taimakon mutum muddin yana iya biya, ta sake shi ranar da ƙarfinsa ya ƙare, ashe ta yi masa rana a lokacin da ba ya bukatarta ke nan. Ubangijinmu Yesu ya yi gargaɗi a Luka 14 game da bikin da ake gayyatar waɗanda za su iya ramawa kaɗai. Irin wannan ciniki ne, ladansa kuma ya ƙare a nan duniya.

Mafita tana cikin bambanta wanda ya ƙi da wanda ya kasa. A littafin ma'aji su biyun kamarsu ɗaya, domin gurbin sunansu babu komai. A gaban Allah kuwa akwai tazara mai nisa. Ɗaya ya sayi sabon babur, ya raina taro, yana jira sai ranar rabo ya bayyana. Ɗayan kuwa fari ya cinye masarar sa, ko jinya ta cinye jarinsa, kunya kuma ta hana shi zuwa. Ba za ka gane wanne ne ba sai ka taka ka je gidansa. Zumunta a ƙafa take. In mutum ya yi wata biyar bai biya ba, ba wanda ya leƙa shi, ƙungiyar ma ta ci bashinsa, bashin ziyara.

Dubi abin da ikkilisiyar farko ta yi a Urushalima. Gunaguni ya tashi domin ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce wa masu kuka su yi shiru ba, ba su kuma daina rabon ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, cikinsu har da Istifanas da Filibus. Ka lura, dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, wato an danƙa aikin a hannun waɗanda suka san zafin abin. Sun gyara tsarin ne domin jinƙai ya kai inda bai kai ba.

Haka ku ma za ku iya yi. Ku ware wani kaso na zubi tun farko, ku kira shi asusun jinƙai, kowa ya sani, domin ranar da aka taimaki wanda ya kasa kada a ce an ci amana. Ku naɗa mutum biyu ko uku masu riƙon asiri su riƙa ziyartar duk wanda ya yi wata biyu shiru. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da ƙarfi, ku karɓi aikinsa a gonar ƙungiya a madadin zubi, kamar yadda gayya ta koya mana, don ya shigo taro da mutuncinsa. Wanda kuma aka tabbatar ƙi ya yi, a faɗa masa gaskiya cikin ƙauna, ƙa'ida ta hau kansa ko da ƙanin fasto ne. Kuɗi kuwa kada ya kwana a hannun mutum ɗaya ba shaida. Bulus ma da zai aika gudummawa zuwa Urushalima, ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa domin kada a sami abin zargi.

Saura kai da kake biya a kan kari. Ka binciki zuciyarka. In kana zubi kana lissafin ranar da za ka kwashe naka, za ka ji haushi duk lokacin da aka taimaki wani. Ka tuna cewa kai ma sunanka yana cikin masu bashin da ba za su iya biya ba, Almasihu ya biya da jininsa, ya ba ka rabo cikin iyalin Allah. Wanda aka yi wa haka, bai kamata hannunsa ya yi nauyi wajen ɗaga ɗan'uwa ba. A wannan mako, ka tuna da mutum ɗaya da ya daina zuwa taronku, ka je ka gaishe shi kafin a karanta sunansa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba shugabannin ƙungiyoyinmu hikima da tsoronka. Ka tsare mu daga cin amana, ka kuma tsare mu daga taurin zuciya. Ka buɗe idanunmu mu ga ɗan'uwan da kunya ta ɓoye. Cikin sunan Yesu, amin.