Gurbin Malami A Kwaleji, Dukiyar Wa Ce?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk ran da labari ya bazu cewa gwamnati ta ba wata kwaleji izinin ɗaukar malamai, to, daga ranar shugaban kwalejin da magatakardansa sun yi sallama da barci. Wannan ya zo da wasiƙar hakimi, wancan da katin ɗan majalisa, wani kuwa gwaggon shugaban ce za ta rako shi har gida tana tuna masa zumunci. Guraben ba su fi a ƙirga da yatsu ba, don kasafin kuɗi ya riga ya yanka adadinsu. Nan ne tambaya take tasowa: shin laifi ne mutum ya taimaki nasa da aikin da Allah Ya sa a hannunsa, alhali kuwa addini ya yi horo da sada zumunci?

Kafin a amsa, sai an san mai dukiyar. Albashin malami daga baitulmali yake fitowa, watau kuɗin jama'a ne. Amfanin aikinsa kuwa na ɗalibai ne, waɗanda ba a shawara da su ranar ganawa, wasunsu ma ba a haife su ba tukuna. A ƙaddara malami yana koyar da ɗalibi 200 kowace shekara, ya kuma yi shekara 30 a bakin aiki. Mutum 6,000 ke nan suka bi ta hannunsa. In kwalejin horon malamai ce, kowannensu zai je ya tsaya gaban aji. Saboda haka shugaba wakili ne kawai, wakili kuwa ba ya kyauta da abin da aka ba shi ajiya. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da mayar da amana ga masu ita, kuma a kanta Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya gina babin naɗin ma'aikata a littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya.

Ma'aunin zaɓen ma ba a ɓoye yake ba. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ba ubanta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kafa hujja da abu biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfin malami shi ne sanin fanninsa da iya fahimtar da shi. Amanarsa kuwa ita ce shiga aji a kan lokaci, da tsare jarrabawa, da kame kai daga aljihun ɗalibai da mutuncin 'ya'yan mutane. Sahabi Abu Zarri, duk da zuhudunsa, ya nemi a ba shi muƙami, Annabi (SAW) ya hana shi, ya nuna masa cewa yana da rauni, muƙami kuwa amana ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ashe ke nan yawan ibada kaɗai ba ya sa mutum ya cancanci koyar da Nahawu ko Lissafi, balle dangantaka.

To, ina aka bar zumunci? Yana nan da wajibcinsa, sai dai daga aljihun mutum ake sada shi. Shugaban da ya ji tausayin ɗan ƙanensa, sai ya ba shi jari daga albashinsa, ko ya biya masa kuɗin ƙarin karatu har ya cancanta. In kuwa yaron ya riga ya cancanta, zama ɗan'uwa ba zai haramta masa aiki ba. Abin da ya kamata shi ne shugaban ya bayyana dangantakar, ya fita daga ɗakin ganawa, ya bar sauran 'yan kwamiti su yanke. Masu rubuta wasiƙa su ma suna da nasu hisabi, domin aya ta 85 ta Suratun Nisa'i ta raba ceto gida biyu, mai kyau da mummuna, kowane da rabon mai yinsa. Shaidar gaskiya a kan wanda aka san iliminsa ceto ne mai kyau. Matsa wa shugaba lamba ya tsallake wanda ya fi, wannan tarayya ce cikin cin amana.

Akwai wata hujja da ta fi ta zumunci nauyi. Wasu sukan ce yankinsu an bar shi a baya wajen ilimin zamani, in aka bi cancanta zalla 'ya'yansu ba za su taɓa samun shiga ba. Maganar ba ta banza ba ce, kuma irin wannan damuwa ce ta sa tsarin mulkin 1979 ya kawo ƙa'idar raba daidai a ayyukan tarayya, har aka kafa mata hukuma a 1996. Amma raba daidai tsakanin waɗanda suka cika sharaɗi ake yinsa. In aka ɗora wanda bai iya ba don kawai ɗan gari ne, 'ya'yan garin ne za su zauna gabansa, sai ya zama an yi maganin koma baya da abin da ke ƙara shi. Hanyar kirki ita ce a ɗauki haziƙan yankin tun suna ƙanana a aiki, a tura su ƙarin karatu, wanda yana cikin abubuwan da asusun TETFund, da aka yi wa doka a 2011, yake ba da kuɗi dominsu.

Sa'an nan ga maganar kasafi, wadda ita ce madubin zuciyar shugaba. Kwalejin da ta sami kuɗin sabuwar mota da labulen ofis, amma malamanta na wucin gadi suna bin ta bashin watanni, ta juya abubuwa a baibai. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya cika masa aikin, shi kuwa ya hana shi ladansa, yana cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Haka nan kyautar da ɗan kwangila ko mai neman aiki ke kai wa gida. Labarin Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka da ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi, ya isa wa'azi, don Annabi (SAW) ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya lissafa gaisuwa cikin miyagun al'adun masu mulki a Kitabul Farƙi.

Magabata sun ɗauki wannan al'amari da girma. Da aka buɗe makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1067, waziri Nizamul Mulki ya zaɓi Abu Ishaƙ Shirazi ya zama babban malaminta. Ranar buɗewa jama'a suka taru, Malam bai zo ba, saboda an gaya masa filin na ƙwace ne. Sai da wani malami ya riƙe kujerar wajen kwana 20 kafin aka shawo kansa. Mai naɗi ya nemi mafi sani, wanda aka naɗa kuma ya tsaya binciken halaccin wurin.

Shugaban da ya tsaya a kan gaskiya lalle zai sha suka, za a ce ba ya son nasa, wataƙila ma a daina gaishe shi a wurin biki. Sai ya yi haƙuri, ya tuna cewa wa'adin kujera 'yan shekaru ne, amma malamin da ya sa wa hannu yana nan cikin aji bayansa, ladan ko zunubin yana ta bin sa har kabari.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya ba mabiya haƙurin barinsu su riƙe ta, amin.