MANHAJAR RABON AIKIN GIDA: ME ZA TA ƘIRGA, ME ZA TA BARI?



A shekarar 2023 ma'aikatar daidaito ta ƙasar Sifaniya ta fitar da manhajar waya mai suna MeToca, inda mutanen gida ɗaya suke shigar da aikin da kowa ya yi da lokacin da ya ci masa, ita kuma ta nuna kason kowa. A shekarar dai wata kotu a kudancin ƙasar ta umarci wani mutum ya biya tsohuwar matarsa sama da Yuro dubu 200, ladan aikin gida na shekara 25.

To a ce matashinmu mai ilimin kwamfuta zai ƙera irin wannan manhaja don ma'aurata Musulmi, me ya kamata ta ƙirga, me kuma ya kamata ta bari?

Mu fara da fiƙihu, domin da yawanmu mun ɗauka girki da wanki farilla ne a kan mace babu saɓani. Akwai saɓani. Shafi'iyya da mafi yawan Hanabila suna ganin ba wajibi ba ne, kyautatawa ce. Malikiyya sun duba al'ada da hali: idan ta fito daga gidan da ake yi wa irinta hidima, mijin kuma yana da iko, shi zai samo mai aiki, in ba haka ba, hidimar cikin gida kamar shara da kwaɓa gari tana kanta. Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ce wajibi ne, amma gwargwadon ma'arufi. Sannan Nana A'isha (RA) ta ba da labari, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa Annabi (SAW) yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi ya fita.

Amfanin manhajar, ni a ganina, shi ne ta buɗe wa maigida ido. Mutum ya dawo da yamma ya ce, "Wai me kike yi tun safe?" Bai ga tashin dare uku don jariri ba. Bai ga ruwan da aka ɗebo ba, balle tunanin cewa gas ya kusa ƙarewa, jibi ranar rigakafi ce, kuma Hajiya ba ta cin yaji. Wannan ɗaukar gida a ka ma aiki ne, kuma ya fi kowanne ɓuya. Idan allon waya ya jera masa su, ya ji kunya ya ɗauki tsintsiya, wallahi an ci riba.

Amma akwai inda nake tsoro. Ku lura, Shari'a ta san lissafi sarai. Ta ƙirga kwana tsakanin kishiyoyi, ta ƙirga idda, ta ƙirga gado. Da aka zo kan zaman yau da kullum tsakanin miji da mata sai ta bar shi ga ma'arufi, ba ta yanka awa ba. Dalili kuwa, hali yana canzawa. Yau tana da ciki, gobe shi ne a kwance, jibi kasuwa ta tsaya. Rabin da yake adalci a wannan wata zai iya zama zalunci a wata mai zuwa.

Manhajar da ke ba da maki, ta ce wance 70 wane 30, ta miƙa wa kowa sandar gori. Ita ta nuna allo, shi kuma ya ce to a shigar da kuɗin haya da cefane da awannin da ya yi a rana. Kafin ka ankara an ɗauki hoton allon an tura wa iyaye a WhatsApp. Alƙur'ani kuwa ya gargaɗe mu a Suratul Baƙara cewa gori yana ɓata sadaka, kuma hidimar iyali da kyakkyawar niyya ibada ce. Mutum ya yi wanke-wanke, ya wanke ladansa da bakinsa.

Don haka shawarata ga mai ƙerawa: ta jera ayyukan gida duka, har waɗanda ba a gani, amma kada ta fitar da gwani. Ta tambayi kowa me zai iya ɗauke wa ɗan'uwansa yau. Ta ba da damar a ce "na gaji" ko "ba ni da lafiya" ba tare da an rubuta bashi ba. Lissafin kuma ya goge kansa duk mako, kada ya zama kundin da za a buɗo ranar faɗa.

Kai kuma maigida, kada ka jira a gama ƙera ta. Daren yau ka tambayi maiɗakinka aikin da ya fi yi mata nauyi, ka karɓe shi, kuma kada ka ba kowa labari.

Allah Ya sanya albarka a gidajenmu, Ya ba mu ikon kyautata wa iyalanmu. Wallahu a'alam.