Sauron rana da amanar da ke cikin mahaifa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai suranta bayi a cikin mahaifa yadda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, Allah ya buga misali da sauro a cikin Suratul Baƙara, domin kada mu raina ƙaramar halitta. A shekarar 2015 likitoci a birnin Resife, arewa maso gabashin Barazil, suka lura ana ta haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna, goshi a shafe, fatar kai a tattare. Da aka bi sawu sai aka iske ƙwayar cutar Zika ce, wadda aka fara ganowa a jikin biri a dajin Zika na Uganda a 1947. Ranar 1 ga Fabrairu 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ta ɗage ta a Nuwamba na shekarar. Annobar ta taɓa tsibiran Kap Ber da ke yamma da Sinigal, can ma an haifi irin waɗannan yara.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne uwa ba ta cika sanin ta kamu ba. Mafi yawan waɗanda cutar ta shiga ba su jin komai. Sauran kuwa ɗan zazzaɓi ne, da ƙuraje, da jan ido, da ciwon gaɓoɓi, cikin mako guda ya wuce. Amma ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, ta nufi ƙwayoyin asali waɗanda ƙwaƙwalwa ke ginuwa daga gare su, ta kashe wasu, ta hana wasu hayayyafa. To, ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙoƙon kai ya faɗaɗa. In ta tsaya, shi ma ya tsaya, wani lokaci har ya lotsa. Wani yaron ana haihuwarsa da kai daidai, sai daga baya a ga farfaɗiya, ko raunin gani da ji, ko gaɓoɓi a sanƙare, ko jinkirin zama da magana. Hukumar ta ƙiyasta cewa cikin jarirai 100 da uwayensu suka kamu suna da ciki, tsakanin 5 zuwa 15 ne ke fitowa da lahani. Har yanzu babu allurar rigakafi da aka amince da ita, babu kuma maganin da ke mayar da abin da ya lalace.

Haɗarin ya fi tsanani a watanni ukun farko, wato daidai lokacin da matanmu ke ɓoye ciki saboda kunya, ba a fara zuwa awo ba, wata ma uwar mijinta ba ta sani ba. Kunya tana cikin imani, amma ba ta hana miji ya kai matarsa likita da wuri.

Me ya sa muke wannan magana a nan? Saboda sauron da ke ɗaukar Zika yana cikin gidajenmu. Shi ne baƙin nan mai zane-zanen fari a ƙafafu, mai kawo shawara da zazzaɓin dengi irin wanda ya addabi Burkina Faso a 2023. Ya bambanta da sauron zazzaɓin da muka saba. Da rana yake cizo, musamman da hantsi da la'asar sakaliya, lokacin da sange ke naɗe. Kuma ya fi son ruwa mai tsabta: randa, tulu, tsohuwar taya, gwangwani, kaskon kaji. Mu faɗi gaskiya, har randar alwala ta masallaci. Mun sha leƙawa mu ga ƴan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, mu ɗebi ruwa mu wuce, tun da dai bai canja launi ko wari ba. Alwala ta inganta, amma gobe tsutsar nan sauro ce.

Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako guda ne ko ɗan fiye. Saboda haka daga Juma'a zuwa Juma'a a juye randuna, a goge cikinsu da soso, domin ƙwan yana manne wa bango ya yi watanni a bushe bai mutu ba, sannan a rufe. Mai ciki ta yi ƙailula cikin sange. Wanda ya dawo daga ƙasar da ake annobar ya nemi shawarar likita kafin ya kusanci iyalinsa, domin cutar tana bi ta saduwa.

Wanda kuma Allah ya jarraba da ɗa mai ƙaramin kai, ko mene ne sanadinsa, kada a ce ɗan ruwa ne, kada a tuhumi uwa ko kishiya. A yanka masa rago, a raɗa masa suna, a kai shi likita, a ciyar da shi kamar ƴan'uwansa.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.